Mai Albashi Da Hidimar Babbar Salla

Duk wanda ya ke so ya san yadda Salla ta bar mutane, kada ya nemi sani a masallacin idi, gama can kowa ya sha ado, ba a gane mai shi da maras shi. Ya dakata sai ran da aka koma aiki, ya leƙa ɗakin malamai na wata makaranta, ko wani ofishi na ƙaramar hukuma, wajen ƙarfe tara na safe. Wannan ya kifa kai bisa tebur yana gyangyaɗi, wancan yana ta kai da kawowa bayan gida, ga wani ya buɗe littafin darasi amma idonsa na bakin ƙofa, don kada mai rago ya biyo sawu. Kujera biyu ko uku babu kowa, an aiko cewa masu su ba su jin daɗi. An ba mu hutu don mu huta, ga shi mun komo mun fi da gajiya.

Na daɗe ina ganin haka a kwalejin horon malamai inda na ke aiki, da makarantun da na kan zagaya, ina ɗaukarsa abin raha. Abin da ya sa na daina dariya shi ne wani malamin lissafi, mutum mai himma, wanda bai wuce shekara arba'in da biyar ba. Kwana huɗu bayan Salla yana tsaye gaban allo sai alli ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ya zube. Likita ya ce jininsa ne ya hau. Da aka bi diddigi, ashe ya tafi ƙauyensu ya bar ƙwayoyin maganinsa a aljihun wata riga, ya kwana uku bai yi barcin kirki ba, kuma ya ci bashin raguna biyu, ɗaya nasa ɗaya na mahaifiyarsa. Sa'ad da na je duba shi a asibiti, da bakinsa ya ɗan saki, sai ya ce mini, "Yallaɓai, ni da ke koya wa yara lissafi, na lissafta kowa cikin hidimar nan, har da 'ya'yan maƙwabta, na manta da mutum ɗaya."

Saboda wannan mutum ɗaya da a kan manta da shi na ɗauki alƙalami. Kai malami, ke malama, kai akawu, ku ne rijiyar da dangi ke ɗiba, kuma ba ranar da a ke jefa mata guga kamar jajiberen Salla. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun zamanin En'e, sa'ad da a ke biyan albashi da fam da sule, ɗan da aka sa makaranta ya fito ya kama aiki shi ne a ke duba wa ran Salla, domin shi kaɗai ne ke da abin da ke zuwa ko wane wata, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Naira ta maye gurbin fam a 1973, aka shafe En'e a 1976 aka kawo ƙananan hukumomi, amma wannan kaya bai sauka daga kan mai albashi ba. Ban ce a sauke shi ba, gama zumunci shi ne arzikinmu, wanda ya ci moriyarsa yana yaro kuwa ba ya gudunsa da ya girma. Abin da na ke cewa shi ne, mai ɗauke da kaya ya san nauyin da wuyansa zai iya.

Mu fara da rago, tun da shi ne uban tafiya. A watan Yuli na 2024 Gwamnatin Tarayya ta tsai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Duk wanda ya taka kara kusa da Salla, ko ta Wudil ran Juma'a, ko ta Maigatari ran Alhamis, ko ta Illela, ko ta Potiskum, ya san ba a kama igiyar ragon kirki da wannan kuɗi, balle a yi zancen balami ko uda mai ƙiba. Dalilan tsadar a fili su ke. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ɗauko dabba daga kasuwar ƙauye ya tashi, ga tsadar dusa da harawa da ƙowa. A 2025 kuma hukumomin Nijar suka hana fitar da dabbobi daga ƙasarsu makonni kaɗan kafin Salla, alhali kuwa raguna da yawa da mu ke yankawa ta can su ke shigowa. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke hannun malamin firamare. Abin da ke hannunsa shi ne ya yanke wa kansa shawara, ko zai iya ko ba zai iya ba.

To, a nan ne na ke ganin mun ɗora wa kanmu abin da addini bai ɗora mana ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma abin da duk muka karanta a zaure cikin Risala ta Ibn Abi Zaid shi ne layya sunna ce mai ƙarfi bisa wanda ya ke da iko. Malaman Malikiyya masu sharhi sun fayyace ma'anar ikon: watau mutumin da ba zai bukaci kuɗin dabbar ba wajen larurorinsa na wannan shekara. Ka auna kanka da wannan ma'auni. In kuɗin ragon nan shi ne kuɗin makarantar yara na zango mai zuwa, ko kuɗin haya, ko na takin gona, ko na maganin da ka ke sha kullum, to, kai ba ka cikin waɗanda aka nema. An ma ruwaito cewa Sayyidina Abubakar da Sayyidina Umar sun taɓa barin layya da gangan, don kada mutane su zaci farilla ce. Waɗannan kuwa ba wanda zai ce musu marowata.

Har ila yau ba a ce sai rago ba. Rago ne ya fi falala a mazhabarmu, amma tunkiya ta isa, bunsuru ya isa, akuya ta isa, muddin ta kai shekarunta, ba ta da aibu bayyananne kamar makanta ko gurgunta ko cuta ko rama mai tsanani. Kuma dabba ɗaya ta wadatar wa mutum da iyalinsa da ke zaune tare da shi, waɗanda ya ke ciyarwa, in ya shigar da su cikin lada tun kafin ya yanka. Kwanakin yanka uku ne, goma da sha ɗaya da sha biyu ga Zulhajji, kuma sau da yawa a kan sami sauƙi a kasuwa bayan an sauko idi, sa'ad da masu dabbobi ke neman komawa gida. Wanda ya ke shakka ya tambayi limamin unguwarsu. Na tabbata zai ji sauƙin da bai zata ba.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, ba tsoron rasa lada ke kai yawancinmu wurin mai ba da bashi ba. Kunya ce. Maƙwabci ya ɗaure nasa a ƙofar gida tun saura mako guda, yara sun fara tambaya, uwargida ba ta ce kome ba amma ka ga idonta. Ka kan ce a ranka, ina malami guda, a ce gidana ba a ga hayaƙi ba? Daga nan sai a tafi wurin masu ba da rago a riƙa cira daga albashi. Ka zauna da takarda ka lissafta abin da za ka biya duka, ka gwada shi da kuɗin ragon a kasuwa, za ka ga bambancin da ya isa buhun masara. Mafi muni su ne masu ba da rance ta wayar hannu, waɗanda ba su neman jingina ba su neman shaida. Ribarsu mai nauyi ce, wa'adinsu gajere, kuma an sha ganin waɗansunsu in mutum ya makara su bi lambobin da ke cikin wayarsa, su aika wa surukansa da shugabansa na aiki cewa wane maci amana ne. Ka ga wanda ya gudu daga kunyar yini ɗaya ya faɗa ta shekara. Ba banza ba Hausawa suka ce Salla ta wuce ta bar wawa da bashi, ko da ya ke ni ban yarda wauta ce kullum ba. Sau da yawa mutumin kirki ne wanda bakinsa ya yi masa nauyi.

Bashi kuwa ba aljihu kaɗai ya ke ci ba. Mai bashi ba ya barci, mai rashin barci ba ya haƙuri, malamin da ba shi da haƙuri kuwa yara arba'in ko sittin ne ke shan wahalarsa. Na sha shiga aji in tarar da malami yana ta faɗa bisa abin da bai kai ya kawo ba, in na kira shi gefe muka yi magana sai in ga ba yaran ne suka ɓata masa rai ba, rabin albashinsa ne aka riƙe. Akawun da bashi ya shaƙe shi kuwa, shi ne wanda idonsa ke fara tsayawa bisa kuɗin da aka ba shi amana. Ba a fara cin amana da niyyar sata. Da niyyar aro a ke farawa, a ce za a mayar ƙarshen wata.

Maganin wannan ba ya samuwa a jajibere, domin ba a fafe gora ran tafiya. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kwana saba'in ne ko kusa da haka, watau albashi biyu. Wanda ya ke nufin layya ya fara tanadi tun Muharram, ko ya shiga adashi da abokan aiki a shirya kwasarsa ta faɗo cikin Zulƙida, ko ya sayi ɗan rago tun yana araha ya ba wani ɗan'uwa a ƙauye kiwo. Wanda ya ga ba zai iya ba kuwa, ya faɗa da wuri. Wannan ita ce shawarar da ta fi wuyar bi, ita ce kuma ta fi amfani. Ka zauna da uwargida tun watan Shawwal ka nuna mata abin da ke shigowa da abin da ke fita, ba a tsaye ba, ba cikin fushi ba. Ka aika wa na gida cewa bana ga abin da zai samu. Mutum ya kan haƙura da kaɗan in an gaya masa da wuri. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a sa mutum rai har daren Salla, sa'an nan a kashe waya. Haka zancen ɗinki. Yara dai a yi musu, gama Salla tasu ce, amma babban mutum da ke da riga mai kyau a akwati ba abin da zai rage shi in ya wanke ta ya ba da ita bugu.

Yanzu sai nama. Watan Musulunci ya kan ja baya da kwana goma ko sha ɗaya ko wace shekara, saboda haka Salla ta kan zagaya duk lokatan shekara cikin shekara talatin da uku ko kusa. A 2007 Babbar Salla ta faɗo cikin Disamba, tsakiyar hunturu, sa'ad da za ka rataye nama bisa igiya iska ta busar da shi kamar kilishi. A 2025 kuwa ta faɗo ran 6 ga Yuni, ga zafi ga laima ga ƙuda. Dabarar da ta yi wa iyayenmu aiki da sanyi ba za ta yi mana ba a bazara ko farkon damina. Al'adar nan ta barin rago a rataye ya kwana, sai gari ya waye a yanyanka, tana bukatar a sake dubanta in lokacin zafi ne. Masana kiwon lafiya sun nuna cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa cikin abinci tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci a ajiye haka nan fiye da sa'a biyu. Ɗakunanmu a watan Mayu da Yuni tsakiyar wannan ma'auni su ke.

Saboda haka kayan ciki, waɗanda su ne ke fara lalacewa, a wanke su da ruwa mai tsabta a dafa su tun ranar. In an ga hanta ko huhu da ƙulli-ƙulli, ko ruwa, ko tsutsa, a yar, kada a ce asara. Sauran naman a rarraba na rabo nan da nan, wanda ya rage a soya shi ya soyu har ciki, ya bushe ƙayau, ko a yi dambu. Kada a dogara ga firji inda wuta ba ta tsayawa, gama naman da ya daskare ya narke ya sake daskarewa yana da hatsari, tun da ya ke ido ba ya ganin ɓacinsa. Wuƙa da faranti da aka taɓa ɗanye da su kada su taɓa dafaffe sai an wanke. Kai da ƙafa kuwa a babbake su da itace ko kara. Masu babbaka da tsohuwar taya ko roba suna shafa wa abinci guba ne, kome kyaun da gandar ta yi a ido. In duk da haka gudawa ta kama wani a gida, musamman yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun kafin a nemi mota: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. In akwai jini a bayan gida, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ido ya faɗa, sai asibiti.

Ga waɗanda suka haura arba'in, irina, akwai magana ta musamman. Hawan jini ba ya sallama. Mutum ya kan yi shekaru da shi yana jin kansa garau, har ran da zai kā da shi kamar yadda ya kā da abokin aikina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau bai cika cokalin shayi ɗaya ba. To, ka tuna da soyayyen naman da aka barbaɗa wa gishiri don kada ya lalace, da yajin da a ke dangwala, da dunƙulen miya wanda wajen rabinsa gishiri ne, sa'an nan ka tuna gida nawa za ka shiga ran yawon Salla. Ko'ina ka zauna sai an ajiye maka kwano da kwalbar lemo, kwalba ɗaya kuwa tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi takwas ko tara. Mai ciwon sukari da ya shiga gida biyar ya sha don kara, ya sha abin da zai kwantar da shi. Ba rashin ladabi ba ne ka ɗauki tsoka ɗaya ka sa albarka, ka ce a ba ka ruwa. In an matsa, ka ce likita ya hana, ba mai jayayya da wannan. Kuma kafin ka sa hula da turare cikin jaka, ka fara sa magani, ka ƙirga na kwanakin da za ka yi, ka ƙara na kwana biyu saboda halin hanya. Wanda bai taɓa auna jininsa ba ya tsaya ɗakin shan magani kafin ya tafi. Aikin minti biyar ne.

Hanya ita ma ta kan ci nata rabo. Hutun da gwamnati ta kan bayar kwana biyu ne na aiki, saboda haka kowa ya kan tashi rana ɗaya, tasha ta cika, kuɗin mota ya ninka, direba kuwa ya ga kasuwa ta buɗe sai ya yi sawu biyu ko uku ba tare da ya runtsa ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta kan baza ma'aikatanta bisa manyan hanyoyi a irin wannan lokaci, amma ba za ta zauna kusa da direbanka ta hana shi gyangyaɗi ba. Kai ne za ka dubi idonsa da tayoyinsa kafin ka shiga, kai ne za ka yi magana in ya fara gudun wuce sa'a. Mu masu ilmin boko mu kan ji nauyin yin magana cikin mota kada a ce mun cika iyayi, alhali sauran fasinja jira su ke wani ya fara. In da hali ka nemi izini ka tafi tun saura kwana biyu, ka tashi da sassafe, ka sauka da rana tsaka, musamman a hanyoyin da kowa ya san ba a bin su da dare. In babu hali, ba dole ba ne a yi idi a gida ko wace shekara. A kan iya zuwa mako guda bayan Salla, sa'ad da mota ta yi araha, tsofaffi kuma suka sami sararin zama da kai.

Akwai wadda ban ambata ba tukuna, ita ce kuwa ta fi kowa shan wuya. Maigida ya yanka ya wanke hannu ya koma zaure karɓar barka da Salla. Uwargida ita ce tun jajibere ba ta zauna ba: tuwo, waina, wankin hanji, sa'an nan yini biyu gaban murhu cikin hayaƙi da zafin mai. In malama ce ko ma'aikaciyar ofis, ran da aka koma aiki ita ma za ta koma, da ciwon baya da jajayen idanu. Mai ciki da mai goyo da mai ciwon asma bai kamata a bar su su yini bakin wuta ba. A kafa murhu a sarari inda iska ke wucewa, a ɗauki mahauci ya yanyanka, a sa samarin gida su yi aiki maimakon yawo, a kuma kau da ƙananan yara daga kaskon mai. Ɗan kuɗin da za ka ba mai taya ta aiki bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibiti ba. Mai janareta kuma kada ya shigar da shi ɗaki ko soro ya rufe don tsoron ruwa ko ɓarawo. Hayaƙinsa yana da guba wadda ba a gani ba a sansana, an kuwa sha wayar gari a tarar da gida guda sun tafi cikin barci.

Sauran abu ɗaya, wanda ba mu cika faɗinsa ba don ba mu saba ba. Ba kowa ne Salla ke zo wa da farin ciki ba. Akwai wanda wannan ce Sallarsa ta fari ba mahaifiya, akwai wadda aurenta ya mutu, yara na gidan ubansu, akwai ƙaramin malamin da aka tura wani gari mai nisa ba shi da kuɗin mota, yana jin kabbara daga ɗakin haya. Irin wannan mutum ya kan ga kowa na murna sai ya zargi kansa da rashin godiya, ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Baƙin ciki ran Salla ba rashin imani ba ne, ɗan Adam ne. In kai ne, kada ka yini kai kaɗai. Ka je idi, ka shiga gida ɗaya da ka ke sakewa da mutanensa, ba sai ka zaga gari duka ba, ka kuma ajiye wayar nan da ke nuna maka ragunan mutane da shaddodinsu, gama ba mai ɗaukar hoton takardar bashinsa. In kuwa abin ya wuce mako biyu, ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar kome, wannan ciwo ne da likita ke magani, a je a faɗa masa kamar yadda a ke faɗin zazzaɓi. Shugabannin makarantu da na ofisoshi kuma, kun san waɗanda ba su tafi gida ba cikin mutanenku. Ku aika a kira su su ci tuwon Salla a gidajenku.

Game da yawon gaisuwa, a zaɓa. Iyaye da surukai da malamanka da marasa lafiya, waɗannan a taka a je. Sauran a raba su cikin makonni, zumunci ba ya ruɓewa don an kai shi bayan kwana goma. Babba yana bukatar barcin sa'a bakwai, hira kuwa ba ta ƙarewa. Ranar ƙarshe ta hutu ka bar wa kanka ita: kada ka yi tafiya, kada ka karɓi gayya, ka ci abu mai sauƙi da ganye, ka duba darasinka ko fayilolinka, ka kwanta da wuri.

Malamin nan na lissafi ya yi wata uku kafin ya komo aji, bashin ragunan kuwa sai da ya kai shi wata takwas. Da shekara ta zagayo, tun cikin Shawwal ya shirya ya tafi ƙauye ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, bana bunsuru ɗaya zan iya, a nan gidanki za a yanka, ni da yara za mu zo." Ya gaya mini ya kwana biyu yana juya yadda zai faɗi wannan magana. Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Wa ya ce maka rago na ke nema? Ka zo da maganinka?" Ya zaro shi daga aljihu ya nuna mata. Har yanzu hannunsa na dama bai komo daidai ba, da hagu ya ke rubutu a allo, yara kuwa sun saba da rubutun.